HARSHE DA MAZUBI: TARIHIN ƊANƊANA ABIN SHA A ƘASAR JAHUN

Gabatarwa

Dalilin rubuta wannan maƙala wata magana ce da wani yaro ɗan aji shida ya yi mini a lokacin da nake koyarwa a wata makarantar firamare ta ƙasar Jahun. Muna cikin darasin sana'o'in gargajiya, na jera musu noma da ƙira da jima da saƙa da rini da su da ginin tukwane, sai ya ɗaga hannu ya ce kakarsa ta gaya masa a zamanin da akwai Hausawa masu dafa giya, har ma akan san gwanaye a cikinsu. 'Yan aji suka bushe da dariya, ni kuwa na daka masa tsawa na ce ya zauna, ba a kawo irin wannan zance a makaranta. Yaron ya zauna, bai ƙara ɗaga hannu a darasina ba har zangon ya ƙare. Sai bayan shekaru, da karatu ya ɗan yi mini nisa, na gane cewa gaskiya ya faɗa, ni ne na zalunce shi.

Tun da farko ina son mai karatu ya san matsayina. Musulunci ya haramta duk abin da yake sa maye, ni kuma ban taɓa kai giya bakina ba, ba kuma tallarta na zo yi ba. Amma aikin mai rubuta tarihi shi ne ya faɗi abin da ya faru, mai daɗin ji da marar daɗin ji. Abin da na gano a wannan bincike shi ne, kakanninmu suna da ilimi mai zurfi na yanke wa abin sha hukunci da ido da kunne da hanci da harshe, kuma sun san cewa mazubin da aka ajiye abu a cikinsa da kwanakin da ya yi su ne suke ba shi hali. Da wannan ilimin Bamagujiya take gane giyarta ta nuna, da shi ne kuma matar malam take gane kununta ya tsallake iyaka ta zubar da shi. Mutanen Turai ma a kan wannan ilimin suka gina nasu tsarin, kamar yadda za mu gani.

Ƙasar da Abin da Take Bayarwa

Jahun tana cikin Masarautar Dutse a Jihar Jigawa, amma kafin a ƙirƙiro jihar ranar 27 ga Agusta, 1991, gunduma ce a ƙarƙashin Masarautar Kano, don haka tarihinta da na Kano a sarƙe suke. Ƙasar iri biyu ce. Akwai jigawa mai rairayi inda ake noma gero da dawa da wake, akwai kuma fadamar Kogin Hadejia inda ake samun shinkafa da alkama da kifi, da yumɓu na ginin tukwane. Da rani Fulani sukan gangaro fadama da shanunsu. Saboda haka abubuwa uku suka haɗu a wuri guda, wato hatsi da nono da yumɓu, kuma kusan duk abin shan da aka sani a garuruwa irin su Jahun da Aujara da Harbo daga waɗannan ukun ya fito.

Giya a Tarihin Ƙasar Kano

Tsohon littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya buɗe da labarin Barbushe da mutanen da suke zaune kewaye da Dutsen Dala kafin zuwan Bagauda. Littafin ya lissafa manyan masu sana'a na wannan zamani, da maƙeri da mai magani da mai tsaron gari, a cikinsu kuwa har da mai dafa giya, wanda aka ambata da suna Bugazau. Ke nan sana'ar tana da shugaba sananne kamar kowace sana'a.

Da Musulunci ya kafu a birane, musamman bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804, sai giya ta janye daga fada da kasuwannin birni ta koma ƙauyukan Maguzawa, waɗanda aka bar su da al'adunsu suna biyan jiziya. Wani masani ɗan Amurka mai suna Joseph Greenberg ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, littafinsa a kan addininsu ya fito a 1946. A wurin Maguzawa giya tana cikin aikin gayya da bikin aure da zaman makoki da hidimar iskoki, kuma mata ne suke dafa ta, ita ce hanyar samun kuɗinsu.

Zuwan Turawa ya ƙara wa lamarin wani salo. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta hana shigar da barasar Turai yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, Lugard kuma ya zartar da wannan hani a Arewacin Nijeriya. Giyar gida kuwa, wadda ake kira burukutu ko fito, sai ta bi sojoji da leburori zuwa bariki da Sabon Gari da garuruwan da baƙi suka taru, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma miƙa layinsa ta Ringim da Malam Madori har Nguru a 1930. Daga nan ne giyar da a da ake sha a gona bayan gayya ta zama abin da ake dangantawa da zaman bariki. Yaƙin musuluntarwa da Sardauna Ahmadu Bello ya yi tsakanin 1963 da 1965 ya rage yawan gidajen Maguzawa, sannan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jigawa a 2000 ya sa sana'ar ta zama laifi a gaban doka.

Yadda Gwanaye Suke Yanke Hukunci

Mafi yawan abin da na sani game da yadda ake ɗanɗana giyar dawa daga bakin wani dattijo na ji shi, wanda aka haifa a gidan Maguzawa a yammacin ƙasar Kano, ya musulunta yana saurayi, daga baya ya zauna a fadamarmu yana noman shinkafa. Mahaifiyarsa tana cikin gwanayen garinsu. Da na fara tambayarsa sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, abin da na tuba na bari shi za ka tono?" Na ce, "Baba, ku gafarce ni, don yara masu tasowa nake tambaya, kada su ɗauka kakanninsu ba su san kome ba." Sai ya yi murmushi ya gyara zama.

A bayaninsa aikin yakan ɗauki kimanin mako guda. Za a jiƙa jar dawa, a shimfiɗa ta a inuwa a rufe ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, a shanya ta bushe, a niƙa. Sai a dama garin da ruwa a zuba yauƙin karan kuɓewa ko na ɓawon dargaza don gari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa na ƙasa, a sake haɗa su a bar su su kwana su yi tsami. Kashegari a sake dafawa na tsawon sa'o'i, a tace, a bari ya huce, sannan a zuba a babbar tukunya a sa masa guggubin tsohuwar giya. Bayan kwana ɗaya ko biyu ta nuna. Masana kimiyya sun bayyana abin da yake faruwa: tsiro yana mayar da garin hatsi sukari, wasu ƙwayoyin halitta suna kawo tsamin, sannan yis ɗin da yake cikin guggubi ya cinye sukarin ya fitar da iska da sinadarin da yake bugarwa.

Hukuncin, in ji dattijon, bi da bi ake yin sa, kuma ba a fara shi da baki. Da farko kunne: gwana takan kara kunnenta a bakin tukunya, in ta ji tana ƙara a hankali kamar yayyafi a kan ganye, to da ranta, in ta yi tsit kuwa ko dai ba ta tashi ba ko ta riga ta mutu. Na biyu ido: a ɗebo a ƙwarya a duba launin, a ga ja ne mai duhu ko ya koɗe, a duba kumfar ko tana tsayawa ko tana watsewa nan take. Na uku hanci, don a ji ko an yi ƙauri wajen dafuwa, ko hayaƙin ɗanyen itace ya shiga. Sai na huɗu harshe, inda ake neman zaƙi da tsami su yi daidai, kada ɗaya ya danne ɗaya. Zaƙi ya yi yawa, ba ta nuna ba ke nan, tsami ya yi yawa kuwa ta wuce lokacinta. Na biyar maƙogwaro, a ji ko tana da kauri ko ta yi tsululu saboda an yi mata algus da ruwa. Hukunci na ƙarshe sai gari ya waye, domin wadda ta tayar da mutane da ciwon kai ko ɓacin ciki an gama da sunan mai ita.

Akwai kuma ladabin abin. Mai dafawa ita take fara kurɓa a gaban jama'a don a san ba cuta a ciki, sannan a miƙa wa mafi tsufa, kuma abin da ya faɗa shi ne farashi. Wannan ba wasa ba ne a wurinsu. Maigidan da ya kira gayya aka sha giya lami a gonarsa, baɗi in ya sake kira sai ya ga rabin mutane, kuma matar da aka yi wa shaidar tsami sau biyu sai ta karya kuɗi ko ta bar sana'ar.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne maganarsa a kan tukunya. Ya ce mahaifiyarsa tana da wata tsohuwar tukunya da ta gada, ba ta yarda a ara, ba ta kuma yarda a kankare cikinta sarai. Sabuwar tukunya tana shanye abin da aka zuba mata, tana kuma sa masa ɗanɗanon ƙasa, sai ta yi dahuwa da yawa kafin ta horu. Tsohuwa kuwa ta riga ta ƙoshi, kuma ƙananan ƙofofin jikin yumɓunta sun riƙe yis na shekaru. Saboda haka mata biyu za su sayi dawa a buhu ɗaya, su ɗebi ruwa a rijiya ɗaya, amma mai harshe ya gane ta wace ce ya sha. Ya ce ranar da tukunyar ta fashe mahaifiyarsa ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa.

Giyar Ajiya da Gangar Itace a Turai

Abin da Turawa suke kira laga, wato irin giyar kwalbar da aka fi sani a Nijeriya, sunanta ya fito ne daga kalmar Jamusanci mai ma'anar ajiyewa. A ƙasar Bafariya ta kudancin Jamus aka yi doka a 1516 cewa kada a sa kome a giya sai ruwa da sha'ir da furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hof. A 1553 kuma aka hana dafa ta a watannin zafi, saboda takan lalace. Wannan ya tilasta wa masu sana'ar su dafa da sanyi su ajiye a kogunan dutse da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na makonni ko watanni, inda wani irin yis mai jure sanyi yake aiki a hankali ya kwanta a gindin ganga, ruwan ya tace. A 1842 wani mai suna Josef Groll ya dafa irin mai launin zinariya a garin Filsen, wanda yau yake cikin Jamhuriyar Cek, ita ce ta bazu a duniya. Bambancin a fili yake: giyar dawa 'yar zafi ce, ta nuna da wuri ta mutu da wuri, ta Turai kuwa 'yar sanyi ce mai jiran lokaci.

Gangunan da suke ajiya a ciki da wani itace na ƙasashen sanyi ake yin su, wanda Larabawa suke kira ballut, Turawan Ingila kuma su ce ok. Abin lura shi ne, mutanen da sukan shafe cikin gangar da kwalta irin ta ƙaron itace don kada itacen ya taɓa giyar. Daga baya aka koma tankunan ƙarfe. Sai a ƙarshen ƙarni na 20 ƙananan masu dafawa na Amurka da Turai suka koma neman ɗanɗanon itacen da gangan. Akan babbaka cikin gangar da wuta, sai ta ba abin da aka zuba mata ƙanshi mai kama da na fanila da na gasasshen abu, da ɗan bauri irin wanda yake kama harshe in an tauna goro. Gwaninta a nan ita ce sanin lokacin da za a fitar, domin laga ba ta da ƙarfin ɗanɗano, in ta daɗe itacen sai ya rinjaye ta.

Su ma suna da alƙalansu. Tun a ƙarni na 13 akwai doka a Ingila a kan farashin burodi da giya, garuruwa kuma sukan naɗa masu ɗanɗanawa su zaga su ci tarar mai algus, aikin da ya yi kama da na muhtasibi ko sarkin kasuwa a wurinmu. A 1985 aka kafa wata ƙungiyar horar da alƙalan giya a Amurka, takardar hukuncinta maki 50 ce: 12 na ƙanshi, 3 na kamanni, 20 na ɗanɗano, 5 na yadda take a baki, 10 na ra'ayin alƙali gaba ɗaya. Da na karanta wannan jeri sai na tuna da dattijon fadamarmu, domin hanci da ido da harshe da maƙogwaro duk ya lissafa mini su, har ya fi su da kunne da wayewar gari. Abin da suka fi shi da shi rubutu ne kawai.

Tarihin nan biyu sun haɗu a Nijeriya. An fara yin Star a Legas a 1949, aka buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, sai kamfanonin suka juyo kan dawar Arewa, har da irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta inganta. Da haka dawar da Bamagujiya take jiƙawa a tukunya ta shiga tankin ƙarfe, kuma da ita ake yin lemon malt marar maye da ake rabawa a bukukuwanmu.

Abin da Malamanmu Suka Ce a Kan Mazubi

Wataƙila mai karatu ya ce me ya haɗa mu da wannan duka. To, duk wanda ya yi karatun zaure ya kai Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya wuce ta kan wannan mas'ala, ko da bai tsaya a kanta ba. A can an kawo hani ga yin tsimin dabino ko zabibi a cikin duma da cikin mazubin da aka shafe da kwalta. Asalin maganar yana cikin hadisin tawagar Abdul Ƙaisi da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana su mazubai huɗu: duma, da koren tulu, da kututturen dabino da aka fafe, da wanda aka shafe da kwalta. Malamai sun bayyana dalilin da cewa tsimi yakan yi saurin juyawa a cikin waɗannan ba tare da mai shi ya farga ba, saɓanin salka ta fata wadda takan kumbura ta tona asirin abin da yake cikinta. Daga baya wani hadisi a cikin Muslim ya sauƙaƙa, aka bar sharaɗin a kan kada a sha mai sa maye. Haka kuma Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa akan yi wa Manzon Allah tsimi ya sha a ranar da kashegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura bayan nan ba ya ajiye shi.

Mai karatu ya lura, biyu daga cikin mazuban nan huɗu, wato fafaffen itace da mai shafen kwalta, sun yi kama da gangar da mutanen Bafariya suka dogara da ita, ɗaya kuma shi ne duman da muke fafe ƙwarya da gora da shi. Ashe tun a Madina an san cewa mazubi da kwana su ne suke raba halal da haram a cikin abin sha guda.

Randa da Salka da Ƙwarya

A gidajen Musulmin ƙasar Jahun wannan ilimi ya zauna ne a hannun mata. Kakata ba ta sayen randa sai ta ƙwanƙwasa ta ji amonta, kuma in an kawo ta gida sai an cika an zubar sau da yawa kafin a sha. Lokaci lokaci takan wanke ta, ta kife ta a kan garwashin da aka zuba wa kajiji, hayaƙin ya shiga jikin yumɓun, ruwan ya yi kwanaki yana ƙanshi. Wasu sukan jefa saiwar jema a ciki. Wannan da babbaka cikin ganga duk manufa ɗaya ce. Salka kuma, wadda fatake da makiyaya suke ratayawa, da bagaruwa ake jeme fatarta, shi ya sa ruwan sabuwar salka yake da ɗan bauri, kuma sinadarin da yake kawo wannan bauri dangin wanda yake cikin itacen gangar Turai ne. Haka Bafulatana ba ta kwantar da kindirmo sai a ƙwaryar da ta saba, ta kuma zuba ɗan tsohon nono a kan sabuwar madara.

Sanyin da Turawa suka samu a kogo mu a yumɓu muka same shi, domin randa tana tsattsafo, iska tana busar da gumin tana tafiya da zafin. A kan wannan hikima ne Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don adana kayan lambu, wadda ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Babbar shaidar zurfin wannan ilimi ita ce yawan kalmominsa. Ban da zaƙi da ɗaci da tsami da yaji, Bahaushe yana da garɗi na gasasshiyar gyaɗa ko furar da ta ji gero mai kyau, da bauri na goro, da gafi na ɗanyen wake, da zartsi na ruwan wasu rijiyoyi, da maƙaƙi mai tsayawa a wuya, da ƙauri na abin da ya kama, da ƙarni na kifi ko madara, da lami ko salam na abin da ba shi da kome. Na taɓa gwada ɗaliban sakandare da waɗannan kalmomi, kaɗan ne suka iya bambanta gafi da bauri.

Ranar da Aka Zubar da Kunu

Zan kawo abin da ya faru a gidana, don a ga cewa maganar ba ta tsaya a zamanin da ba. A sunan ɗana na biyu, cikin tsananin zafin bazara, aka dama kunun zaƙi mai yawa tun jajibiri da rana. Kunun zaƙi, kamar yadda mata suka sani, da tsiron shinkafa ko na dawa da ɗanyen dankali ake fito da zaƙinsa, wato dai matakin farko ɗaya ne da wanda dattijon nan ya bayyana mini. Randunan gidan ba su isa ba, sai aka ɗura ragowar a manyan jarkokin roba uku aka toshe, aka jingine a ɗakin da rufinsa kwano ne. Da asuba aka raɗa suna, amma rabon kunu bai kai kan jarkokin ba sai bayan azahar.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta je ɗaukowa. Ta ga jarka ta kumbura, ta kwance murfin ta ji ya yi tsaki, ta sunsuna, ta ɗiga a tafin hannu ta taɓa da harshe ta tofar. Sai ta aika aka kira ni daga zaure ta ce, "Ɗan nan, wannan ya tashi, ba za a ba baƙi ba." Na ce, "Haba Gwaggo, kunun jiya ne fa, ga mutane cike da ƙofar gida, ga kuɗin da aka kashe." Ta dube ni ta ce, "Kai ne malamin, ni ce mai harshen. In ka yarda a ce an sha abin da ba a tabbatar da shi ba a sunan ɗanka, to bisimilla." Ban ƙara magana ba. Aka kai jarkokin bayan gida aka tuntsurar, mata suka yi maza suka dama farau-farau da kunun tsamiya. Na randa kuwa da aka duba lafiyarsa ƙalau, ɗan tsami kawai ya yi. Kunu ɗaya ne, hannu ɗaya ya dama shi, mazubi ne ya raba su. A ranar na ji kunya, amma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Kammalawa

A yau roba da firji da ruwan leda sun shiga kusan kowane gida, masu ginin tukwane suna raguwa, ana kuma sayar da kunun zaƙi da kunun aya da zoɓo a gorunan roba su wuni a rana a tasha. Buƙatar mai harshe ba ta ragu ba, masu harshen ne suke ƙarewa. Don haka ina ba 'yan'uwana malaman makaranta shawara uku. Ta farko, a sa ɗalibai su je wurin kakanninsu mata su rubuto kalmomin ɗanɗano da na ƙanshi tare da misalin kowace, a tara su a makaranta. Ta biyu, a darasin kimiyya a zuba kunu ɗaya a tulu da gora da roba, a riƙa dubawa da ido da hanci safe da yamma ana rubutawa, sannan malamin addini ya karanta musu abin da Risala ta ce, su ga yadda darussan biyu suka haɗu. Ta uku, in an zo tarihin sana'o'i kada a tsallake Maguzawa da abin da suka iya, domin faɗin abin da ya faru ba halatta shi ba ne, kuma yaron da ya gano an ɓoye masa abu ɗaya zai yi shakkar sauran.

Ga dattawa kuma, musamman iyayenmu mata, ina roƙon in yaro ya zo da tambaya a ba shi amsa, da tsohuwar zuma ake magani. Dattijon da ya ba ni labarin tukunyar mahaifiyarsa ya rasu, haka ma Gwaggona, Allah ya jiƙansu da rahama. Shi kuwa yaron da na tsawata wa, na sadu da shi a kasuwar Gujungu ya zama magidanci, na tuna masa abin da ya faru na nemi gafararsa. Ya yi dariya ya ce ya yafe, sannan ya gaya mini kakar tasa ta daɗe da rasuwa, kuma tun daga ranar nan bai ƙara tambayarta kome a kan zamanin da ba. Allah ya yafe mana kurakuranmu, ya sa abin da aka rubuta ya amfani masu tasowa.